Yadda Aka Naɗa Ni Likitar Kitse

A gidanmu ba a taɓa tambayata abin da nake karantawa ba sai shekarar da na shiga digiri na biyu. Kafin nan an san dai ina jami'a a birni, ina karatun kimiyya, kuma ba likita zan zama ba. Wannan ya ɗan ɓata wa Inna rai, daga baya ta haƙura. Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, irin ƙauyukan nan da ba ka gane inda gonar wannan gari ta ƙare ta wancan ta fara. Baba malami ne kuma manomi, da sassafe yana zaure yana ba da karatu, da hantsi yana gona.

Na zo hutu ana saura 'yan makonni Babbar Sallah. An yi ruwan farko, mutane suna ta gardama ko ya isa shuka ko a jira na biyu. Na tarar taubashiyata ita ma ta zo ganin gida. 'Yar Gwaggo ce, ƙanwar Baba, gidansu da namu katanga ɗaya ce ta raba. Sa'ata ce, tare muka yi allo da firamare, daga nan aka yi mata aure a wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari. Mijinta yana noman rani, ita kuma tana sayar da albasa daga cikin gida. Tunda ni 'yar namiji ce ita 'yar mace, a wasan taubasai baiwata ce, kuma ba ta taɓa musu ba. "Uwar ɗakina" take ce mini, da wani irin ladabi da duk wanda ya ji ya san akwai sharri a ƙarƙashinsa.

Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida ni da ita muna ɓarar gyadar iri, Inna tana madafi, sai Baba ya shigo ya zauna a kan turmin da aka kifa.

Ya ce, "Wai ni kam, me kike nema a wannan karatu naki? Kullum aka tambaye ni sai in ce kimiyya. Jiya wani ya ce mini kimiyyar me, na ce masa Allah ne masani."

Na daɗe ina jiran wannan tambaya, har na tanadi amsarta. Na ce masa jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyi ne aka harhaɗa, waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani ɗan ɗaki, mu a makaranta nukiliyas muke ce masa, amma ya ɗauke shi kamar rumbu a tsakar gida, domin a ciki ake ajiye irin da mutum ya gado daga iyayensa. Bangon rumbun ba na ƙasa ba ne, na kitse ne, siriri, ninki biyu. Kitse kuwa ba ya tsayuwa da kansa, don haka daga ciki akwai wata raga da aka saƙa da furotin, sinadarin nan mai gina jiki, ita ke tallafe bangon kamar yadda tsaiko yake riƙe ciyawar jinka.

Na ce, "To ni abin da nake bincike shi ne yadda ragar da kitsen suke kama juna. Akwai wani zare a cikin ragar, idan aka yi shi sabo sai a liƙa masa 'yar wutsiyar kitse, da ita yake manne wa bango, daga baya a yanke wutsiyar. Idan saƙar ta samu tangarɗa, bangon sai ya yamutse, abin da ke ciki ma ya rikice."

Baba ya jinjina kai. Ya ce, "Allah mai iko. Har abin da ido ba ya gani sai da aka yi masa tsaiko."

Taubashiyata ba ta ɗago daga gyadar ba. Ta ce, "Uwar ɗakina, shi wannan mai riƙe bangon yana da suna?"

Na ce, "Lamin ake ce masa."

"Lamin," ta maimaita a hankali. "Kuma kullum kina tare da shi."

"Ai shi ne aikina."

"Tun safe har yamma?"

"Wani lokaci har Asabar da Lahadi."

Sai da maganar ta fita na ga gefen bakinta yana rawa. Baba ma ya gani, amma ya miƙe ya ce zai je ya duba jakinsa.

Washegari ko karin kumallo ban gama ba Inna ta dawo daga ɗiban ruwa, ta dire tulu, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ni ce ta ƙarshen ji ke nan? A bakin rijiya zan ji cewa kin fito da miji? Ɗan wane gari ne? Su wane ne iyayensa?"

Na yi ta rantsuwa, ba ta yarda ba. Ta ce mata sun gaya mata har Malam ya san da zancen, wato Baba. Ta aika aka kira shi daga zaure. Na ɗauka zai cece ni. Ya shigo yana gyara hularsa, ya ce, "E, na ji labarinsa. An ce mai riƙon amana ne, gida guda yake tallafe da shi. Sai dai ƙarami ne ƙwarai, ba a ganinsa sai an sa madubi."

Inna ta dube shi ta dube ni. Ta san mijinta. Ta ɗauki tulunta ta ce Allah ya shirye mu gaba ɗaya.

Amma zancen ya riga ya zaga gari. Wata tsohuwa har ta aiko mini da goro ta ce in miƙa wa angon. Na ga ba mafita, na bari sai da mata suka taru a gidan Gwaggo wajen sussuka, na shiga na tsaya na sake bayanin rumbu daga farko. Don in kawar da maganar miji sai na yi ta nanata kitse. Na ce ni kitse nake karanta, kitsen da ke cikin jikin mutum, yadda yake zama da yadda yake kama abin da ke kusa da shi. Taubashiyata tana gefe tana sheƙe hatsi, tana gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki. Da na gama ta ce, "To kun ji da kunnenku. Ni da ma na faɗa muku likitar kitse ce, kunya ce ta hana ta faɗa."

Daga ranar ban sake samun hutu ba.

Maƙwabciyarmu ta fara zuwa, ta kawo 'yarta da za a yi wa biki bayan Sallah, ta ce tana so in cika ta kafin ranar kamu, musamman ta baya. Bayanta wata Hajiya ta zo tana dogara sanda, ita ragewa take so, gwiwoyinta sun gaji da ɗaukarta. Ta ce in da hali a kwashe nata a zuba wa amaryar, kowa ya huta. Na ce musu ni ba likita ba ce, kitsen da nake magana a kai ko kan allura bai cika ba. Suka ce ai manyan likitoci haka suke, ba sa son a san su.

Wanda ya fi ba ni wahala wani dattijo ne mai kiwon turka. Ya yi sallama a zaure da ragonsa a igiya. Ya ce tun bayan kaka yake ɗura masa dusa da harawa da ƙowar wake, ragon yana ci kamar mai biyan bashi, amma kullum haƙarƙarinsa a waje, ga layya ta matso. Baba ya leƙo cikin gida ya ce, "Likita, kina da mara lafiya." Na sa mayafi na fita. Na gaya wa dattijon gaskiya, ya kai shi wurin malamin dabbobi a duba ko tsutsar ciki ce. Na ga bai gamsu ba, sai wata dabara ta zo mini. Na ce wa dattijon, "Amma Baba, in kana son a ci gaba da lura da shi, ni ba na ajiye marasa lafiya a nan. Mataimakiyata tana gidan Gwaggo, ita ke kwantar da su."

Ya ja ragonsa ya tafi. Ba a jima ba na ji ihun Gwaggo ta bayan katanga. An ɗaure ragon a gindin zogalenta, ya miƙa wuya ya cinye kuɓewar da ta shanya. Na hau turmi na leƙa. Taubashiyata tana tsaye ta riƙe ƙugu, tana yi wa dattijon bayani cikin natsuwa cewa ragon damuwa ce take damunsa, ya ji labarin layya ne. Ta ɗago ta gan ni, ta ɗan rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, mara lafiyar ya fara cin abinci."

Haka muka yi ta yi, ta aiko mini in aika mata, har ranar da muke wanki mu biyu a bayan ɗakin Inna da rana tsaka. Ta waiga ta ga ba kowa, ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu 'yan ƙwayoyi a ƙulle a leda.

Ta ce, "Ke, ban da wasa. Duba mini waɗannan."

"Na mene ne?"

"Na ƙiba. A kasuwa nake saya wurin wani mai yawo da akwati. Na daɗe ina sha. Fuskata kawai ke cika, hannuwan nan ko gezau."

Ta miƙo hannuwan, kumfar sabulu tana zuba. Tun muna 'yan mata na san hannuwan nan, amma ranar ce na fara kallonsu da idon abin da na karanta. Babu tsokar mata a jikinsu ko kaɗan, ƙwanji ne murɗe-murɗe, jijiyoyi a waje kamar na mai faskare. Ƙafafunta haka, ƙugunta a shafe. Fuskarta kuwa a cike, haɓa ninki biyu, wuya kauri, ga wani baƙi-baƙi a bayan wuyan da Gwaggo ta sha dirzawa da soso bai fita ba. Da muna yara ita ce ɓul-ɓul a cikinmu. Sai da ta fara zama budurwa jikin ya juye haka. Gwaggo ma haka take, kuma an ce kakarmu ta wajen Baba haka take. A gari ana cewa matan gidan ne masu damtsen maza, shi ke nan.

Na taɓa ganin hotunan mata masu irin wannan jiki a cikin abin da nake karantawa. Akwai wata tangarɗa da ake gado a cikin ragar nan ta furotin, wadda take sa jiki ya kasa ajiye kitse a hannu da ƙafa da ƙugu, sai ya tara shi a fuska da wuya da cikin ciki, saura kuma ya yi ta yawo a jini. Masu ita sukan kamu da ciwon suga da wuri. Na yi shekaru ina kallon abin a takarda, ban taɓa tuna katangar gidanmu ba.

Na ce, "Kina yawan jin ƙishirwa?"

"Kamar raƙumi."

"Fitsari fa?"

Ta yi dariya. "Lallai sarautar ta fara shiga jikinki."

Ban yi dariya ba, amma ban bari ta gane ba. Na san irin ƙwayoyin nan, wasunsu suna kumbura fuska su kuma tayar da suga. Na kuma san taubashiyata. Mace ce da take ɗaga buhun albasa ita kaɗai, amma in ta ji an ce allura sai ta nemi hanyar bayan gida. Duk haihuwar da ta yi sai da aka yi da gaske kafin ta je awo. In na ce asibiti, washegari zan ji ta koma Watari.

Na mayar mata da ledar na ce, "Waɗannan na talakawa ne. Akwai wata mata a Tsanyawa, nata shi ne na gaske. Sai dai ranar kasuwa kawai take zama, kuma ba ta ba wanda ya karya kumallo. Ko ruwan koko kar ki sha."

Ta ƙura mini ido. "Kin rantse?"

"Na ce miki akwai mata, kuma tana zama ranar kasuwa."

Wannan kam gaskiya ne.

Ranar kasuwa muka fita titi muka tari bas. An cusa mu a baya tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji. Taubashiyata ta yi ta mita tun daga gida, yunwa tana cinta. A tasha ƙamshin ƙosai ya buge ta, ta tsaya cak a gaban mai suyar, sai da na ja mayafinta. Muka bar kasuwa a baya, muka bi wani lungu, muka ɓullo a ƙofar wani ƙaramin asibiti.

Ta ce, "Wannan ai asibiti ne."

"A ciki take zama."

"Mai maganin ƙibar."

"Ta san komai a kan ƙiba."

Ta juya za ta koma, na riƙe hannunta. Ban isa in riƙe ta ba in da ta so tafiya, ni da ita duk mun sani. Ta dubi fuskata, ta ga babu wasa a ciki, sai ta bi ni.

Ma'aikaciyar da ke gwajin jini ta kama yatsanta. Taubashiyata ta rufe ido ta fara karanto duk addu'ar da ta haddace a zauren Baba, har da ta shiga kasuwa da ta hawa abin hawa. Tana tsakiyar ta sanya sabon kaya matar ta ce an gama. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Shi ke nan? Ai ko sauro ya fi ki mugunta."

Sugan ya hau sosai. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta karɓi ledar ƙwayoyin ta juya su a tafinta. Ta ce kar ta yanke su lokaci guda, jiki ya saba, za ta nuna mata yadda za ta rage a hankali har ta daina. Ta rubuta mata magani, ta yi mata bayanin abinci, ta dubi hannuwanta da wuyanta ta daɗe, sannan ta ce tana so ta je babban asibiti a birni a auna kitsen da ke jininta. Ta tambaya ko akwai mai irin wannan jiki a gida. Na ce mahaifiyarta. Ta ce a kawo ta ita ma.

Da muka fito muka zauna a gindin wata darbejiya a bakin hanya. Na sayo mata ƙosai da ruwa. Ta fara ci. Can ta ce, "Kin ci amanata, uwar ɗakina."

"Na ci."

"To faɗa mini abin da kika gani ranar wanki. Na ga idonki ya canza."

Na faɗa mata. Na ce zato nake, ban tabbatar ba, gwajin da zai tabbatar ba a nan kusa ake yi ba. Amma in zatona daidai ne, ragar da ke cikin rumbunanta ce aka saƙa ta da wani ɗan bambanci tun daga kakarmu, shi ya sa jikinta bai san inda zai ajiye kitse ba. Babu ƙwayar da za ta cika mata hannu. Abin da za a iya yi shi ne a tsare sugan da kitsen jini.

Ta yi ta juya ƙosai ɗaya a hannu. Ta ce, "Wato ba rashin ci ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Ba kuma mijina ne ba ya ciyar da ni ba."

"Wa ya ce haka?"

"Wa bai ce ba? Duk bikin da na je sai an kalli hannuna a kalli surukata. Tsohuwar nan har kuka ta taɓa yi, ta ce ana cewa suna bautar da ni a gonar albasa. Don ita na fara shan ƙwayar, ba don kaina ba." Ta jefa ƙosan a baki ta kakkaɓe hannu. "To tashi. Tunda ke kika tono, ke za ki je ki faɗa musu da bakinki. Da rumbun da tsaikon da komai."

Haka na tsinci kaina bayan kwana kaɗan a ƙauyensu, a tsakar gidan mijinta, ga albasa shanye ko'ina har ba wurin taka ƙafa, ina bayanin nukiliyas karo na uku. Surukarta tana kan tabarma, mijin yana tsugune a bakin ƙofa, maƙwabta sun cika gidan don taubashiyata ta aika musu cewa babbar likita ta zo daga birni. Duk inda na yi tuntuɓe sai ta gyara mini. Ta riga ta haddace bayanin, har ta ƙara masa gishiri. A nata, wutsiyar kitsen da ake yankewa ta zama kamar ta tunkiya.

Surukar ta ce, "'Yar nan, ana ɗauka?"

Na ce, "Ba a ɗauka, Inna. Gadonsa ake yi."

Ta dubi jikokinta da ke wasa da murfin kwano a gefe. Ba ta tambaya ba, amma na amsa. Na ce wani zai iya gada, wani ba zai gada ba, kuma ba a cika ganewa ba sai sun fara girma. In an sani da wuri, ana kula da abincinsu a riƙa auna su, su yi rayuwarsu. Ta ce Allah ya raya su. Aka ce amin.

Mijin ya yi gyaran murya. Mutum ne mara yawan magana. Ya ce, "Ni dai tun farko na ce ta bar ƙwayar nan. Haka na gan ta na ce ina so."

Taubashiyata ta juyo gare ni. "Kin ji ko? Da ma ba mata ya je nema ba, lebura ya je nema, ya ga damtse ya ce a ɗaura."

Gidan ya kwashe da dariya, har surukar tana share ido da bakin mayafi. Mijin ya tashi ya fita yana murmushi, ya ce zai je ya duba injin ban ruwa.

Gwaggo ta fi 'yarta gardama. Ta ce ta kai wannan shekaru da hannuwanta ba su taɓa hana ta daka ba. Baba ne ya shawo kanta, ya ce in ba ta je ba zai sa a riƙa ɗaure mata raguna a gida har Sallah. Ta je. Ita ma sugan ya hau, ko da yake bai kai na 'yar ba. Ta karɓi magani, ta rage sukari a koko, amma ta ce fura ba ta cikin lissafi, kuma har yau ba a gama wannan shari'a ba.

Bayan Sallah taubashiyata ta zo birni ganin likita, mijinta ya rako ta har tasha. Na tare ta na ga ana sauke mata buhun albasa daga saman mota. Ta ce tsaraba ce. Muka gama da asibiti da azahar, kitsen jinin ma ya yi yawa, aka ƙara mata magani. Fuskarta ta fara saɓewa tunda ta bar ƙwayar kasuwa. Ta ce ba za ta koma ba sai ta ga inda nake aiki. Na ce mu ajiye buhun a ɗakina, ta ce a'a, ba ta yarda da 'yan makaranta ba. Muka sa shi a adaidaita muka tafi da shi, aka jingine shi a bakin ƙofar ɗakin bincike.

Na ba ta farar riga ta sa a kan hijabinta. Hannun rigar ya matse ta a damtse. Na ɗauko ɗan tsinke mai tsabta na ce ta buɗe baki.

"Allura ce?"

"Tsinke ne. Cikin kumatunki zan ɗan kankara."

Na shafa abin da na kankaro a kan gilashi, na ɗiga masa shuɗin ruwa, na rufe, na sa a ƙarƙashin madubin da muke duba ƙananan abubuwa da shi. Na daidaita, na matsa mata. Ta sunkuya, ta rufe idon da bai kamata ba, ta ce duhu take gani. Na gyara mata kai.

Ta sake dubawa.

"Waɗannan faffaɗan kamar ɓawon albasa fa?"

"Ƙwayoyin jikinki ne."

"Ɗigon shuɗin da ke tsakiyar kowanne?"

"Shi ne rumbun."

"Ragar fa?"

"Wannan madubin ba ya kai wa gare ta. Sai wani babba, da wani irin rini da ba mu cika samu ba."

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta ce, "Ɗan wannan abin ne ya hana ni ƙugu."

"In zatona daidai ne."

"Kuma ba a iya kwance saƙar a sake?"

"Ba a kai nan ba tukuna. Shi ake ta nema."

"To ki daina zuwa hutu kina ɓata lokaci da raguna. Ki zauna ki nema." Ta miƙo mini tsinke. "Kankaro naki mu gani."

Na kankaro nawa na sa mata. Ta duba, ta koma kan nata, ta sake dawowa kan nawa. Ni ban ga wani bambanci ba, kuma babu wanda zai gani da wannan madubi. Ita ta gani. Ta ce nawa sun yi fari fat kamar ba sa samun abinci, nata sun fi cika ido, ko makaho ya shafa ya san wace ce 'yar gidan albarka.

Ana haka malamin da ke duba aikina ya shigo, dattijo mai furfura da kowa a sashen yake shakka. Na gabatar da ita na ce 'yar'uwata ce daga gida. Ta durƙusa har ƙasa cikin farar riga ta gaishe shi. Ya tambaya ko buhun da ke bakin ƙofa namu ne, don ƙamshinsa ya kai har ofishinsa. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta riga ni.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta Watari ce, ba a sa mata ruwa da yawa ba, tana wata da watanni ba ta ruɓe ba. Bari in nuna maka."

Kafin in cire safar hannuna ta kwance bakin buhun. Malamin ya tsuguna yana latsa albasa da babban yatsa. Masu share-share suka zo, sakatariya ta zo, ɗaliban da ke ɗakin gaba suka fito da ledoji. Ta tsaya a barandar sashen da farar rigar bincike tana kasa albasa kashi-kashi a kan siminti, tana yi wa kowa gyara. Da la'asar buhun ya zama wayam. Ta zaro wasu 'yan ƙanana guda biyu da suka maƙale a ƙasansa, ta ninke shi ta sa a hammata, ta ɗora mini su a tafin hannu.

Ta ce, "Ga tsarabarki, uwar ɗakina. Raka ni tasha kar in rasa mota."